'Ya'yan Kofin da Mama Ta Bari

Litinin, 5 ga Agusta

Na buɗe buhun 'ya'yan kofi zan soya wa Baba, wari ya buge ni. Fumfuna fari-fari a ƙasan buhun. Daminar bana ba ta bar komai ba. Mama ce ta tsinke su da hannunta a bayan gidanmu na Madakiya, ta shanya, kafin ta rasu. Na tsince masu kyau na soya. Ya sha.

Laraba, 7 ga Agusta

Bridget, 'yar kawuna mai aikin nas a Kafanchan, ta leƙa buhun ta ja baya. Wai irin wannan fumfuna tana barin guba mai cin ƙoda, wuta ma ba ta kashe ta duka. "Lai'atu, mutumin da ƙafarsa ke kumbura kike ba wannan?" Kamar ni na zuba ruwan saman! Amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na gaya wa Baba. "Uwarki ba ta taɓa ba ni abin cutarwa ba." Ya juya mini baya. Taurin kai dai, Yesu ka taimake ni.

Lahadi, 11 ga Agusta

A coci ko wa'azi ban ji ba. Takalmin Baba ya ƙi shiga ƙafarsa.

Talata, 13 ga Agusta

Na hau keke na shiga kasuwa, na sayo wasu 'ya'yan kofin a ɓoye. Na soya, na daka, na sa citta kamar yadda Mama ke yi. Ina ta waige-waige, wallahi kamar ɓarauniya. Baba ya kurɓa, ya daɗe yana kallon bango, ya shanye. Ya miƙo mini kofin. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Asabar, 17 ga Agusta

Kumburin bai sauka ba, jibi za mu asibiti, Baba ya yarda. Da safe ya ce, "'Yata, daga yau shayi ya ishe ni. Ki zubar da buhun." Ashe ya san na canza kofin.

Na kai buhun har bakin ramin shara. Ɗaurin bakin buhun, igiyar da Mama ta yago daga tsohon zanenta ce. Na dawo da shi na tura ƙarƙashin gadona. Ba wanda zai sha, ai shi ne magana. Baba ya tambaya, na ce na zubar.