Littafin da Misis Menon Ta Bar Mini

Litinin, 2 ga Fabrairu, 1987
Misis Menon, malamar kimiyya, ta koma Indiya. Ta bar mini littafin hotuna na wani gidan tarihi a ƙasarsu: mutum-mutumin Buddha na dutse, wasu ba hanci, wasu ba hannu, ga tukwane da duwatsun wuya da aka tono. Na nuna wa 'yan aji uku. Tarihi nake koyarwa, ba zan ƙare a alli da allo ba.

Alhamis, 5 ga Fabrairu
Husaina, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta zana fuskar Buddha a littafinta, idanu a lumshe. Wallahi har ta fi hoton kyau. Goma bisa goma.

Talata, 10 ga Fabrairu
Alhaji Babayo, babanta, ya taso takanas daga Katagum zuwa Azare. Wai ina koya wa yara bautar gumaka. Ni Malama Baturiya! Na ce, "Alhaji, dutse ne fa. Mutane suka sassaƙa, wasu suka tono, aka sa a gilashi da lamba. Ba wanda ya ce a yi masa sujada." Ko kallona bai yi ba. Firinsifal ta ce in kawo littafin a ƙona, magana ta mutu. Na ce sai dai a kore ni.

Laraba, 11 ga Fabrairu
Ba zan bayar ba.

Asabar, 14 ga Fabrairu
Alhaji ya ɗauke Husaina daga makaranta, har da akwatinta. Ba za ta dawo ba muddin littafin yana nan, ga jarrabawa saura mako shida. Malam Kolawole mai lissafi ya ce, "Malama, ke kina da takardarki. Ita fa?" Na ce ya ji da lissafinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Litinin, 23 ga Fabrairu
Husaina tana kan bencinta. Ban yi kuskure ba, ban kuma ce wa kowa na yi ba. Littafin dai na kai ofis da kaina ranar Juma'a, ban tsaya ganin ashana ba. Yau daular Borno muka yi.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ki yafe mini." Na ce ta wuce kada ta rasa abinci. Na daɗe a zaune kafin in iya goge allo.