Abin da Kwamfutar Malam Bashir Ke Rubutawa

New Bell, Duwala
3 ga Yuni, 2024

Zuwa ga matata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Ikhlas da Affan. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya, har hulunan shago sun fara warin danshi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Bala direba, alhali ga waya. To maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Ki karanta ke kaɗai, ki adana.

Kin sha jin sunan Malam Muhammad Bashir a bakina, dattijon da ya sauke ni lokacin da ban san kowa ba a garin nan. Haifaffen New Bell ne, ya yi karatun Faransanci, ya yi aikin akawu a Bonaberi har ya yi ritaya. Shi ne magatakardan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar da suka zo daga gida. Takardun kowa suna wurinsa cikin wata koriyar jaka, har da nawa, domin katin zamana ya ƙare tun Maris, shi ke bin mini sabuntawa. Ranar da mutumin nan ya juya mana baya, za ki gan ni a Haɗeja daga ni sai kayan jikina.

To Malam Bashir ya canza, Rahmatu. Sau huɗu ina yi masa sallama a hanya yana wucewa kamar bango ne ya yi magana. Na ce ko tunani ne ya yi masa yawa. Sai kuma ga kwamfuta. Yanzu duk wanda ya shiga zaurensa, kafin ma ya zauna, sai ya buɗe ta, ya danna maɓallai uku tare da yatsu uku, wani baƙin layi ya fito a saman allon. Ranar Talata na tarar da Ɓoɓɓo, Bafulatanin nan mai sayar da takalma, yana yi masa bayani da Faransanci. Na zagaya ta baya kamar mai neman buta, na leƙa. Wallahi bakin Ɓoɓɓo na motsi, farin rubutu na gudu a layin. Ya tsaya ya yi tari, rubutun ya tsaya. Ya ci gaba, rubutun ya ci gaba.

Da aka zo kaina na yi maganata da Hausa. Malam ya dubi allon, ya dube ni, ya ce in bari Ɓoɓɓo ya maimaita da Faransanci. Mutumin da ya sha Hausa a nono! Ke ki gaya mini, wane ne ba ya jin Hausa da ake so ya karanta maganata, in ba mutanen ofisoshin gwamnati ba?

Ban ce wa kowa komai ba tukuna, ina dai sa ido. Ki taya ni da addu'a. Ki gaida Inna da yara.

Naki,
Zailani

New Bell, Duwala
24 ga Yuni, 2024

Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa na lafiya. Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ce in je in tambaye shi kai tsaye. Ke dai kin cika kyautata zato. Mai yin wannan aiki zai ce mini e, na yi?

Ga abin da ya ƙaru. 'Yarsa Firdausi, wadda ke aikin ofis a Akwa, ta zo wata ranar Asabar. Ina zaune a benci ina jiran labarin katina, su kuma sun haɗa kai a kan allon suna ta Faransanci. Ta buɗe wani jeri, tana taɓawa yana girgiza kai, tana taɓawa yana girgiza kai, har rubutun ya yi girma kamar na allon talla, ya koma ruwan ɗorawa a kan baƙi. Nan ya yi murmushi. Ta ja layin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya ce a'a, ta mayar sama. Na gane dabarar: idan layin na sama, yana iya karantawa ya yi kamar fuskarka yake kallo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙaramar makirfo da ta ciro daga jaka, mai doguwar waya, ta ajiye ta a tsakiyar tebur tana fuskantar bencin baƙi. Ta kunna wani abu a allon, ta ja baya har bakin ƙofa ta yi magana a hankali, rubutu ya fito. Ko raɗa ka yi yanzu an kama. Da ta juyo ta gan ni sai ta ce, “Kawu Zailani, bonjur, ya kasuwa?” Na amsa da ka kawai. Ban yarda in buɗe baki gaban abin nan ba.

Kwana uku bayan haka masu duba takardu suka shiga kasuwa suka tafi da Idirisu mai agogo. Shi ma katinsa ya ƙare, shi ma takardunsa na cikin koriyar jakar, kuma ranar Litinin a gabana ya zauna a bencin nan. Na sani akan yi irin wannan kame lokaci lokaci, amma me ya sa sai yanzu? Tun ranar ko ƙarar bensikin, wato babur ɗin haya, na ji ta tsaya a ƙofar shago sai in zata su ne.

Sallamar da bai amsa ba ta kai goma sha ɗaya. Ina ƙirgawa. Ya daina zama hira bayan la'asar, kuma idan ka kira wayarsa sai ya katse ya turo rubutu. Mutum ba ya gudun mutane haka kawai.

Jiya na je wurin Alhaji Ɗanjuma, shugaban ƙungiya, na zayyana masa komai. Ya ce magana ce babba. Na ce ni zan faɗe ta da bakina a taron Lahadi. Raina ba ya so, Rahmatu, na ci abincin gidan mutumin nan wata biyar. Amma mu arba'in ne a cikin jakar.

Ki gaida Inna. Ki ce wa Affan takalminsa na tafe.

Naki,
Zailani

New Bell, Duwala
2 ga Yuli, 2024

Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

An yi taron. Zauren Alhaji Ɗanjuma ya cika har waje. Malam Bashir na gefe da kwamfutarsa a cinya kamar kullum. Na miƙe na faɗi duk abin da na rubuto miki, ban rage ba, har sallama goma sha ɗaya. Ina magana yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Da na gama, sai ya yi mini murmushi ya ce madalla. Nan wuri ya kaure. Wani ya ce ka ga raini, wani ya ce a karɓe jakar.

Ɓoɓɓo ne ya matsa kusa da makirfon, ya ce tunda da Faransanci ake so, bari ya maimaita. Ina tsaye a bayan Malam. Na ga maganata tana fitowa layi bayan layi da manyan baƙaƙe ruwan ɗorawa, na ga yatsansa yana bin ta. Sai yatsan ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta har ƙarshe.

Daga nan ya juya allon ya fuskanci jama'a. Da Hausa ya yi magana, da ƙarfi fiye da kima, yadda ya koma yi kwanan nan ni kuma na ɗauka isa ce. Ya ce shekara guda ke nan bai ji kiran salla ba, maƙwabta yake kallo, in sun ɗauki buta ya ɗauka. Ya ce kunnuwan sun tafi a hankali, likita ya ce ba za su dawo ba. Firdausi ce ta kunna masa wannan abu don ya riƙa karanta abin da ake faɗa. Ya buɗe jerin harsunan da na'urar ke ji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a gabanmu, babu Hausa. Ya rufe layin ya sake buɗewa, allon fayau. Ba ta ajiye ko kalma ɗaya, balle ta aika wa wani.

Alhaji ya sa aka tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce wa zai ba kurma amanar takardunsa? Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, shi ne abin da ya rage masa na fita cikin mutane. Sannan ya ɗora koriyar jakar a gaban Alhaji, ya naɗe wayar makirfonsa, ya fita. An yi ta kiransa ta baya. Bai juyo ba, kuma a karon farko kowa ya san dalili.

Idirisu ya dawo jiya. Ashe Malam ne ya yi kwana biyu yana zarya da kwamfutar nan a ofisoshi har aka sako shi.

Yanzu Malam ya koma unguwar Sodiko wurin Firdausi. Jakar na nan wurin Alhaji, ba wanda ya iya buɗewa don kunya. Kin ce in tambaye shi, na ƙi. Na tona asirin da dattijo ya yi shekara yana rufewa, a gaban mutum arba'in. Ki yi mini addu'a, ban san da wace fuska zan dube shi ba.

Naki,
Zailani

New Bell
5 ga Yuli, 2024

Zuwa ga babana kuma mai masaukina, Malam Muhammad Bashir,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Firdausi da mutanen gida. Ba ni da Faransancin da na'urarka za ta rubuta, shi ya sa na zo ta takarda, don maganar ta iso maka da Hausa.

Na zalunce ka. Ba ni da hujja ko ɗaya sai tsoro, kuma tsoron bai isa uzuri ba. Ka yafe mini don Allah.

Jama'a sun ce ba su da magatakarda sai kai. Ni kuma na yi alkawari gaban Alhaji: duk taro zan zauna a damanka da littafi, abin da aka faɗa da Hausa in rubuta maka. Hannuna yana da sauri, matata shaida ce.

Sallama goma sha ɗaya na riƙe ka da su, duk ta bayanka na yi su. Ga ta goma sha biyu a gabanka: Assalamu alaikum.

Ɗanka mai neman gafara,
Zailani

Sodiko
8 ga Yuli, 2024

Zailani,

Wa alaikumus salam, sau goma sha biyu. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Ka zo ranar Lahadi. Ka riƙa rubutawa da manyan baƙaƙe, idon ma ya fara.

Kafin nan ka je wurin Alhaji ka buɗe jakar, aljihun gaba. Katinka ya fito tun Alhamis ɗin da ta gabaci taro. Na riƙe shi ne don in miƙa maka a gaban jama'a.

Muhammad Bashir