Kwalin da Nake Fakewa Bayansa

Birnin Daka, 3 ga Fabrairu

Yaya Shompa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, da mai gidanki Mizan da yara. Ya sanyin garin Silet?

Bayan haka, ina cikin tsaka mai wuya. Kin san wasan labarin da muke yi duk Juma'a: ni ke tsara duniyar, kowa ya ɗauki jaruminsa, ɗan ludo mai fuska ashirin ya raba gardama. Tun rasuwar mahaifiyarmu Amma, ba abin da ke fito da Abba daga ɗaki sai wannan wasa, da jaruminsa Kalu mai kwalekwale.

To, Rumki, ƙawarmu a wasan, ta shirya a nuna mu kai tsaye a intanet. A gida ina jefa ɗan ludona a bayan kwali, ba mai gani. Yaya, shekara uku ina ƙarya. Sau shida ya kamata Kalu ya mutu, ina rage lambar. Yanzu Rumki ta kafa kyamara a kan farantin jifa, ta ce 'yan kallo ba sa yarda da kwali. Idan Kalu ya mutu a gaban jama'a, ina tsoron Abba zai koma ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Tuhin

Daka, 11 ga Fabrairu

Yaya Shompa,

Ina gaishe ki da kyau, a shafa mini kan yara.

Albishirinki. An yi wasan a gidan su Rumki ranar Juma'a da la'asar, mutum ɗari huɗu suna kallo. Rumki ta hana cin shingara, samosar nan mai ƙaras-ƙaras, don kar a ji tauna, Abba ya ce ashe gidan yari aka kawo shi.

Ana tsakiyar kogi na sako kada. Na jefa wa kadan ɗan ludo a fili, sai ga sha tara. Kada ya cafke Kalu ya nutsa da shi. Saura jifa ɗaya, na Abba, kuma sai ya sami sha shida ko sama kafin Kalu ya tsira.

Na fara kame-kame, wai ko wani masunci zai ɓullo. Abba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai malam, bar masuncinka a aljihu. Miƙo." Ya girgiza ya jefa.

Sha takwas, Yaya! Rumki ta ture kofin shayinta, saƙonnin 'yan kallo suna ta zubowa. Abba ya miƙe tsaye yana kwatanta yadda Kalu ya soka guntun filafili a bakin kada. Rabon da in ji muryarsa haka tun Amma na da rai.

A hanyar gida, cikin keken haya, na faɗa masa gaskiya. Ko gezau. Ya ce tun shekarar farko ya sani, don duk sanda zan yi ƙarya sai na sosa kunne, kamar lokacin da nake satar alewar Amma. Ya yi shiru ne don ya ga ni ma ina bukatar hakan. Sannan ya ce, "Shekara uku kana ba ni a baki. Yau na ci da hannuna."

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Kwalin kuwa ya ƙwace, yanzu a kansa yake ɗora butar shayi.

Ki gaida Mizan. Wassalam.

Ƙaninki,
Tuhin