Na Ce Musu Jiki da Sauƙi

Daren Laraba, Bakori

Ni na sare gonata, na gina gidan nan, na aurar da 'ya'yana, ban roƙi kowa ba. Yanzu ɓarin jiki ya shanye. Tun kaka nake jiran amsar gwamnati kan tallafin tsofaffi masu naƙasa, har damina ta faɗi, shiru, ga gona babu mai nomewa.

Yau Hajiya ta ce, "Alhaji, kai ka jawo. Da masu dubawa suka zo, ka ɓoye sanda, ka zura babbar riga, ka ce jiki da sauƙi."

To, raki zan yi wa baƙi a zaurena? Ashe gaisuwa ma rubutawa suke yi? Ban gane ba.

Gobe a kai ni ofishinsu. Su rubuta sunana: Alhaji Mamman Dogo, ƙafar hagu ba ta takawa.