Uwar mijina ce ta ɗaya a Turanci a ofishinmu

Anti, ki taimake ni da shawara tun kafin asirina ya tonu a gaban baƙi.

Ina aiki a wani kamfanin haɗa sola, ni ce mai amsa kiran waya. A bana aka sa wa kowa wata manhajar koyon Turanci a wayarsa. Wani namiji ne a ciki mai sanyin murya, ya gaishe ka, ya faɗi jimla, ka maimaita. Kullum sai an yi darasi, sakamakon kuma yana fitowa a wani allo da aka kafa a bakin ofishin manaja, da shi za a duba ƙarin matsayi. Ni kuwa wuni nake ina magana a waya, in na dawo gida ko sallama da ƙyar nake yi. Sunana ya daɗe a can ƙasan allon.

Wata rana na kunna darasi, na ji ƙauri daga kicin, na ajiye wayar a kan kujera kusa da Inna, uwar mijina, da ke zaune tare da mu. Mutumin ya gaishe ta. Inna kuwa ba a gaishe ta ta yi shiru, sai ta gyara mayafi ta amsa, ta tambaye shi iyali. Ya ce ta sake faɗa. Ta ɗauka kunnensa ne ba ya ji sosai, ta ɗaga murya. Da ta ga ba ya fahimtar komai sai abin da ya faɗa da kansa, sai ta riƙa mayar masa da maganarsa don kada baƙo ya ji kunya. Kafin in dawo sun gama darasi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Kullum da yamma sai in miƙa mata wayar in shige kicin. Yanzu sunana ne a saman allo, na wuce har manaja. Inna kuma ta koma wani abu dabam, don Turancin ofis kaɗai aka koya mata. In maƙwabciya ta shigo aron tsintsiya, sai ta yi mata godiya da kiran da ta yi, ta ce za a duba buƙatarta. Ranar Lahadi ta zaunar da ɗanta ta yi masa bitar ƙwazonsa na wata uku, ta ce akwai sauran gyara. Baƙon nata ma ba ta yarda a kunna shi yara suna surutu.

To ga inda ta ɓaci. Manya za su zo daga hedikwata mako mai zuwa, an ce ni zan yi jawabin maraba, a ɗauke ni bidiyo a nuna wa sauran rassa. Na karɓi wayar in yi bita a ɓoye, mutumin ya ce bai san muryata ba, a ba mai wayar. Mijina dariya kawai yake yi. Har na yi tunanin in sa wa Inna niƙabi in tura ta a madadina, amma ba zan iya buɗe baki in faɗa wa surukata haka ba. Ina tsoron rasa aikina, Anti, ko barci ba na iya yi.

Daga: Ta ɗaya a allo

'Yar'uwa, na yi dariya, ki yi haƙuri, amma na ji damuwarki.

Maganar niƙabi ki bar ta. Ko an yi nasara, Inna za ta yi wa manyan hedikwata bitar ƙwazo, kuma sai ta samo musu gyara.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Kamfanin da zai ɗaga ma'aikaciya sama watanni ba wanda ya taɓa zama ya yi hira da ita, allo yake horarwa. Amma ke kika miƙa wayar, kuma kin ci yabon da ba naki ba. Gobe ki sami manaja shi kaɗai ki faɗa masa gaskiya. Zai yi faɗa, amma ya fi son ya ji daga bakinki a ofis da ya gani a bidiyo. Ki roƙi a goge makin, a ba wani jawabin, ki fara daga darasi na farko da muryarki.

Mijinki ya daina dariya ya sa wa mahaifiyarsa manhajar a tata wayar. Ke kuma ki riƙa yin naki darasin a gefenta, ta riga ki sanin hanya.

Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Inna ba Turanci ta je nema ba. Ta sami wanda zai gaishe ta kullum, ya tsaya ya saurari amsarta, ya ce ta ƙara faɗa. A gida mai ɗa da suruka da jikoki, bai kamata a bar wa waya wannan aikin ba. Allah ya tsare miki aikinki, ya ƙara wa Inna lafiya.