Sunanki a Cikin Munduwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iso inda kike ba, masu bibiyata a waya ne za su karanta. To, su karanta. Ni dai da ke nake.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke Yaya Hajara ta sauka lafiya. Mace aka samu, kuma an mayar da sunanki. Ummi muke kiran ta. Bayan suna Yaya ta kwance ƙullin kayanki, ta ɗauko munduwarki ta azurfa, wadda ko daka za ki yi ba kya cirewa. Ta ce in rubuta sunan a cikinta, a ajiye wa yarinya har ta girma. Inna, shekaru sun cinye munduwar nan, ta sirance har ana iya lanƙwasa ta da yatsa biyu. Kuma ita ke nan, babu ta biyu. In na ƙona ta, na ƙona.

Ba ki san aikin da nake yi yanzu ba. Bayan rasuwarki na baro Sandamu na zo Daura, wajen wani Alhaji mai shagon rubutu a jikin ƙarfe, ba nisa da rijiyar Kusugu. Injin da nake aiki da shi leza ake ce masa. Ba wuƙa, ba guduma, haske ne ke yin rubutun. Kuma hasken ba zuba yake yi kamar ruwan famfo ba. Bugu-bugu yake, ya kunna ya mutu, sau dubbai kafin ki ƙyafta ido.

Injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa mana shi bai raina ni ba, ni da ko firamare ban gama ba. Ya zauna ya yi mini bayani. Tsohon injinmu tara hasken yake yi kamar yadda ake datse ruwa a lambu, sai ya buɗe masa hanya lokaci guda. Tsawon bugunsa yadda aka ƙera shi ne, ba ka da ta cewa. Sabon kuwa akwai wata 'yar fitila a cikinsa, kwamfuta ke gaya mata lokacin kunnuwa da lokacin mutuwa, sannan hasken ya bi ta wata doguwar igiya da ke ƙara masa ƙarfi. Akwai gurbin da nake sa lamba. Ƙarama, gajeren bugu. Babba, dogo. Dogon nan fa, in aka raba sakan ɗaya gida miliyan, bai cika gida ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ce Allah mai iko.

Kin san kowa da haƙuri yake yabona. Shi ya ja mini. Na ɗauka lallaɓa abu shi ne a bi shi a hankali, a daɗe a kansa. Watana na farko wani malamin makaranta ya kawo fallen ƙarfe marar kauri, na liƙawa a ƙofar ofis. Na ce wannan sai da lallami, na ba shi dogon bugu. Ya fito bakin haruffan a ƙone, shi kansa ya lanƙwashe kamar ganye a rana. Alhaji bai yi faɗa ba. Guntayen ƙarfe ya turo mini da ƙafa, ya ce in je in koya.

Ina cikin gwaji wata rana na ƙona wata roba, ƙaurin ya bugi hancina, sai ga ki. Kina zaune gindin tsamiyar gidanmu, ƙorai a gefe, ƙarfen zane a cikin garwashi. Ina ɗan shekara goma, na roƙa kika ba ni ludayi ɗaya. Don tsoro na zare ƙarfen tun bai yi ja ba, na danna, na yi ta dannawa, har baƙin ya yaɗu ya ɓata zanen. Kika yi dariya, kika ce, “Auta, ba zafin ne ke ɓata ƙwarya ba, zaman da ƙarfen ya yi a kanta ne. Bari ya yi ja. Ka taɓa, ka ɗaga.”

Wallahi Inna, abin da injin nan yake yi ke nan. In bugun ya daɗe, zafi ya samu lokacin ratsawa cikin ƙarfe, ya narkar da gefe, ya tayar da baki. A roba kumfa yake yi. In gajere ne, sai ya ɗauke fatar saman kawai ya wuce, na kusa da wurin bai ma san an zo ba. Dogon ma yana da ranarsa, in ana son rubutu mai zurfi a ƙarfe mai kauri. Sai dai ba a kan munduwarki ba.

Alhaji da ya gan ta cewa ya yi shi dai ba zai taɓa ba, ni ma gara in mayar. Ban mayar ba. Na je wajen wani maƙerin fari na roƙi guntun azurfa mai kaurinta. Kwana uku ina gwaji a kai. Ashe azurfa hali gare ta: ta mayar da haske kamar madubi, ta kuma kwashi zafi nan da nan. Na yi ta rage lamba ina dubawa, har na samu inda rubutu ke fita guntun bai ɗumama ba.

Da hantsi ranar Alhamis na ɗaure munduwar a kan injin. Abin da ya fi ba ni wuya ba hasken ba ne. Sunanki ne. Tunda aka haife ni bakina bai taɓa faɗarsa ba, ga shi sai na danna shi harafi bayan harafi. Na sa tabarau na kare ido, na yi bismillah, na taka abin kunna injin.

Zagaye ɗaya na tsaya. Na taɓa da bayan yatsa, sanyi ƙalau. Na sake, na tsaya. Haka har sunan ya fito tas. Na juya ta, bayanta na nan yadda kika bar shi, har da 'yar lotsawar da bakin turmi ya yi mata. A ƙarshen sunan na ƙara 'yan layuka ukun nan da kike sawa a gindin kowace ƙwarya taki.

Yaya ba ta kula da haruffan ba. Layukan ta gani, ta zauna tana shafa su da yatsa. Can ta zura wa Ummi munduwar, ta wuce har kafaɗa, muka yi ta dariya da hawaye.

Lafiyata lau, Inna. Ina ci, ina salla, aiki na tafiya. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki shi kamar yadda kika sanyaya mana. Allah ya raya takwararki har hannunta ya cika munduwar. Ranar da ta tambaye ni wa ya koya mini, zan gaya mata. Sunan dai sai ta karanta da kanta.

Autanki,
Sale