Almakashin Malama

Litinin, 3 ga Maris

An dawo min da maƙalata kan tsofaffin da ke ƙin shan magani. Jan biro har bayan takarda. Karo na biyu ke nan. In na sake faɗuwa, ba ni ba ajin jinya bana, kuma Baba zai ce dama ya faɗa, in zauna a shago mu ci gaba da ɗinki da Yaya. An tura ni ɗakin taimakon rubutu, bayan laburare. Da shekaruna talatin da huɗu!

Alhamis, 6 ga Maris

Na je. Tebur biyu, fanka mai kuka, da wata malama 'yar siririya. Ta sa na karanta da ƙarfi, shafi huɗu cur. Sai ta ce, "To, me kike so ki ce?" Na faɗa a numfashi ɗaya: ba taurin kai ba ne, ba a yi musu bayani ne. Ta ce ina yake a takardar? Yana layin ƙarshe.

Na ce ai ba a shiga gidan manya a fara da buƙata, sai an gaisa an zagaya. Ta yi dariya har da share hawaye. Wai mai karatu ba surukina ba ne.

Talata, 11 ga Maris

Yau almakashi ta miƙo min, in yanka maƙalar sakin layi sakin layi. Ni da nake yanka yadin mutane ko gezau, sai ga ni ina ta juya takarda kafin in sa mata almakashi. Muka baje a tebur, na ƙarshe ya dawo farko. Guda uku ba su da wurin zama, har da wanda na fi so. Ba ta ce in yar ba, ni na ture su da kaina.

Litinin, 17 ga Maris

Na kwafo magana mai kyau, na manta daga wane littafi. Awa biyu muna nema tare da Malama, ko abincin rana ba ta ci ba. Allah ya saka mata. Yanzu sunan littafi da shafi nake fara rubutawa.

Laraba, 19 ga Maris

Na miƙa maƙalar.

Juma'a, 28 ga Maris

Na ci! Na kai wa Malama labari, ta ce ita almakashi kawai ta ara min. A madadin godiya, sai na rage mata hannun rigarta da ya daɗe yana damuna.

Asabar, 29 ga Maris

Na shiga wajen Baba. Wata biyu ina shirya doguwar shimfiɗar magana. Bayan gaisuwa sai na ji bakina ya ce, "Baba, zan bar shago da safe, zan fara ajin jinya." Dalilai suka biyo baya, guda uku. Ya kalle ni, ya ce, "Yau kuma ba zagaye?"

Ban san me ya shige ni ba. Gajiya ce wataƙila. Ya dai ce in miƙo masa maganinsa, in gaya masa na mene ne.